Kwami a Ƙarƙashin Atamfa

Bayana ya lalace ne bayan haihuwa ta uku. Ban faɗi ba, ban ɗauki wani kaya mai nauyi ba. Na haihu lafiya, aka sallame ni daga asibiti, na dawo gidanmu na haya a Moss Side, sai kawai ƙugu ya ƙi komawa yadda yake. In na tsaya wanke-wanke sai in ji kamar ana buga mini ƙusa a ƙasan baya. A kan kujera nake salla, ga ni da sauran ƙuruciyata. Yaron da na haifa har ya fara zama ban taɓa goya shi ba. Yayyensa mata biyu, babbar tana firamare, ƙaramar ta fara zuwa ajin raino, sun koyi cewa in za su rungume ni sai sun taho a hankali.

Likitarmu ta tura ni wajen masu gashin ƙashi. Matar da ta duba ni ta ce abin da zai fi yi mini magani shi ne tafiya a cikin ruwa. Ba iyo ba, tafiya kawai, ruwa iya ƙugu, ina kai da kawowa. Na yi sa'a gidan ninƙaya na unguwarmu yana ware wa mata zalla wata safiya a kowane mako. A saki labule a tagogi, mai lura da ruwan ma mace ce. Ranar da na fara shiga, da dogon wando da riga har gwiwa, ina maƙale da ƙarfen gefe don tsoro, sai na ji ciwon nan ya sake ni gaba ɗaya. Na manta haka jikin mutum yake in ba ya ciwo. Na tsaya a cikin ruwa ina kuka, wata tsohuwa 'yar Somaliya tana bubbuga mini kafaɗa, ta ɗauka tsoron nutsewa nake yi.

Shekarun nan ne gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Yau ka ji an rage ranakun buɗe laburare, gobe an rufe wurin wasan matasa. Mu ma abin ya iso kanmu. Ban daɗe da fara zuwa ba aka rufe gidan ninƙayar, aka sa sarƙa a ƙofa. An ce akwai wani a can gaba, sai an shiga bas biyu, kuma shi maza da mata haɗe ake shiga. Na koma asibiti na tambaya ko suna da nasu ruwan, aka ce akwai, amma layi ne, in jira a kira ni. Ina cikin jira ciwon ya dawo, har ya zo da ƙari.

Surukata Hajiya, tana can Kano, ta riga likitoci gano cutar. Sanyi ne ya shige ni, in ji ta, saboda ban yi wankan jego ba. 'Yan matan nan biyu a gida na haife su, a gaban mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta gasa ni da tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har na yi arba'in. Wannan karon kuwa ba uwa, ba tukunya, ba itace, sai wata shaya mai tsiyayar ruwa da ƙyar. Ni ban musa wa Hajiya ba, wataƙila ma tana da gaskiya. Abin da ta ɗora a kan maganar ne ban yarda da shi ba.

Maigidana ne ya kawo mini saƙon. Karatun digirin digirgir ya kawo mu ƙasar. Mutum ne mai sanyin hali, bai iya faɗar magana mai ɗaci kai tsaye ba, sai ya yi ta kewaye. Ya zauna a bakin gado yana wasa da makullin mota.

"Hajiya da Yaya sun yi magana," ya ce. Yayan nan wansa ne, injiniya a Birmingham, shi ne babba a danginsu a nan Ingila, abin da ya ce shi ake yi.

"Sun yi magana ko sun yanke?"

"Ai duk don lafiyarki ne. Za ki je gida da yaron, a yi miki abin da ya kamata, ki huta. Bayan ƙaramar Salla."

"'Yan matan fa?"

"Ba za a katse musu school ba. Za su koma wajen Yaya, Anti matarsa za ta riƙe su. Ni kin ga ina writing up, rubutun kammala digirina, ba zan iya da su ba."

"Zuwa yaushe?"

"Sai kin warke."

Sai na warke! Na san mata biyu da suka tafi gida irin wannan hutun. Ɗaya bizarta ta ƙare tana can. Ɗayar ta dawo ta tarar ɗanta yana ɓuya a bayan kujera in ya gan ta. Ban ɗaga masa murya ba, na ce na ji. Amma raina ya yi ɓacin da bai taɓa yi ba a zaman aurenmu, maraici kuma ya taso mini sabo, don na san da mahaifiyata tana raye ba wanda zai zauna a waya ya raba ni da 'ya'yana ba tare da an tambaye ni ba.

Da aka yi hutun Ista muka je Birmingham gaisuwa. Gidan Yaya babba ne, da lambu da gareji. Matarsa, facalata ke nan, wadda nake kira Anti, mace ce mai kirki da kaifin baki. Ta haura da ni sama a hankali ta nuna mini ɗakin da 'yan matan za su zauna. Har ta sayi zanin gado masu furanni. Da ta ga yadda fuskata ta koma, sai ta ja ƙofar ta ce in zo in taya ta nemo wata babbar tukunya a gareji. Ni da ita mun san ba tukunya take nema ba, so take mu yi nesa da kunnen maza.

A garejin nan na gan shi. Wani tulin shuɗiyar roba a nannaɗe a bayan tsofaffin kekuna, da fararen bututun ƙarfe a ɗaure da igiya.

"Anti, wannan fa?"

"Swimming pool ɗin yara ne, kwamin wanka irin na kafawa. Sun girma, sun raina shi. Shekara da shekaru yana nan, ɓeraye ma sun gaji da shi."

"In an cika shi, ina ruwan yake kawowa?"

Ta nuna saman cinyarta. Anti doguwa ce. Ni kuwa gajeriya ce, tun ina yarinya ake tsokanata da haka, ranar nan gajarta ta yi mini rana, don cinyar Anti daidai ƙuguna take.

"Ki ba ni shi."

"Ke da ko bokiti ba kya iya ɗagawa? Kuma a ina, a wannan 'yar yard ɗin taku?" Ta daɗe tana kallona. Can ta ce, "Kin san dai bai kamata in ba ki ba." Sai ta sunkuya ta fara jan robar.

Yaya ya fito ya tarar ana cusa kaya a bayan motarmu, ya tambayi mene ne. Anti ta ce, "Na yara ne." Ban ƙaryata ta ba. Muka kamo babbar hanya zuwa Manchester, bututun ƙarfe sun ratso tsakanin kujeru har gaba, motar tana warin fumfuna, yara sun toshe hanci. Maigidan ya riƙe sitiyari da hannu biyu, fuska a ɗaure, har muka iso.

Filin da ke bayan gidanmu, wanda ni kaɗai nake kira tsakar gida, kaɗan ya ɗara falonmu. Daɓen siminti ne da ya yi gansakuka, da katanga iya kafaɗa, da ƙofa mai fita lungun da ake ajiye shara. A nan muka baje robar. Ashe da danshinta aka naɗe ta, ta yi baƙi ƙirin. Maigidan ya tsaya a ƙofar kicin yana kallo.

"Wannan ai kwandon shara ya kamata ya shiga. Kuma ke da ake cewa sanyi ne ya kama ki, ruwan sanyi za ki shiga a waje, a Manchester? In Hajiya ta ji fa?"

"Wa zai gaya mata?"

"Wato so kike ki ƙarasa bayan naki."

"Bayana ne, Abbansu. In zai ƙarasa, ya ƙarasa a gaban 'ya'yana."

Tunda ba na iya sunkuyawa, sai na zauna a kan 'yar kujera, na ɗaure burushi a sandar goge daɓe, na haɗa ruwan omo da bilic. In yaron ya yi barci in fito in goge iya inda sandar ta kai, in ja kujerar gaba. Wata rana in wanke faɗin tabarma, wata rana ko rabin haka ban yi ba ciwon ya kwantar da ni. Kullum da safe kuma sai na tarar da waɗannan dodon koɗin marasa koɗi, masu yauƙi, sun yi layi a inda na wanke jiya. Na barbaɗa musu gishiri ba tausayi. Da robar ta fito shuɗiya, sai ga aikin ɓerayen Birmingham, huji ko'ina. Na sa 'yan matan suka shiga ƙarƙashinta suka ɗaga ta sama, duk inda suka ga haske ya leƙo su zagaye shi da biro, ni kuma ina bi da gam da faci kamar mai gyaran keke. Su wasa suka ɗauke shi, suna ta ihu a ciki.

Da muka harhaɗa ƙarafunan muka gwada zuba ruwa kaɗan, sai duk ya gudu gefe ɗaya, ƙafafun kwamin suka fara karkata. Daɓen ne ba daidai ba, an yi shi da gangare zuwa magudana. Dole aka kwashe komai. Wata Asabar da hantsi na ji ana jan abu a lungu, na leƙa, sai ga maigidan yana shigo da buhunan yashi, ya yi kicin-kicin da fuska.

"Ba wai na yarda ba ne," ya ce, bai dube ni ba. "Kada dai ya kife ya danne mini yara."

"Allah ya saka da alheri."

Ya baje yashin, ya bi shi da katako yana daidaitawa har la'asar. Iya abin da na samu daga wajensa ke nan a lokacin, kuma ban raina ba.

Sai da kwamin ya miƙe a kan ƙafafunsa sannan na ɗaga kai na ga abin da ban lissafa ba. Gidajen unguwarmu a jere suke a manne da juna, bayan layinmu yana kallon bayan wani layin, kowace tagar bene tana leƙo cikin tsakar gidana. A ɗaya daga ciki ma wasu samari ɗalibai ne da kamar sun yi rantsuwa ba za su sa riga ba. Ni kuwa ko da dogon wando ba zan jiƙe sharkaf a idon maza ba. Da zan iya, ai da tuni na shiga bas biyun nan.

Na kira matan ɗalibai 'yan'uwana da muke zuwa safiyar mata tare, wasu daga Hulme, wasu daga Ardwick. Suka zo da kekunan jarirai suka cika mini falo. Ba a daɗe ana shawara ba aka ce ai rumfa za a yi, irin ta biki. Muka kafa sanduna a jikin katanga, muka ja igiyar shanya daga wannan gefe zuwa wancan. Na buɗe akwatin lefena na fito da atamfofin da ban taɓa yankawa ba, waɗanda nake ajiya sai na koma gida wajen tela na gaske. Aka shimfiɗa su a kan igiyoyin, aka haɗa bakinsu da fil. Wallahi ta yi kyau. In ka shiga ƙarƙashi hasken ja da ruwan goro ne yake sauka a jikinka. Muka jona tiyo a famfon kicin, ruwa ya wuni yana zuba, na watsa kulorin, maganin tsabtace ruwa, yadda aka rubuta a jikin robarsa, muka yi guɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su kira mana 'yan sanda.

Na tsoma hannu, sai da yatsuna suka ƙage. Muka ce a bar shi ya kwana biyu rana ta dafa shi. Ya kwana biyu, ya kwana uku, yana nan jiya i yau. Mu da muka taso inda ake gudun rana, ba wadda ta tuna cewa a garin nan roƙonta ake yi. 'Yar wadda take leƙowa ma mun tare ta da atamfa, mun yi wa ruwa inuwa.

Sai aka koma dabarar da muka sani. Aka aro manyan tukwanen da ake dafa shinkafar suna, aka ɗora a kan duka kawunan murhu, butar shayi ma ba ta huta ba. Kicin ya turnuƙe da tururi har bango yana zufa. Mata biyu-biyu suna kinkimar tukunya suna juyewa. Bayan duk wannan wahala na sake tsoma hannu, ban ji wani bambanci ba. Ɗaya daga cikinsu ta zube a bakin ƙofa tana fifita da mayafi.

"Wallahi, Maman yara, wannan ruwan ko duk gas ɗin Ingila aka ƙona masa ba zai ji ba."

Ranar nan da yamma aka fara ruwan sama, irin na Manchester da ba ya sauri kuma ba ya gajiya. Da gari ya waye na buɗe ƙofar kicin, na tsaya. Ruwan kwamin ya koma zoɓo. Atamfofin nan sababbi ne, ba a taɓa wanke su ba, kuma ashe ba duk abin da dangin miji suka cika akwati da shi ne na gaske ba. Wasu sun zubar da launinsu kaf a cikin ruwana, suna rataye a sama sun koɗe. Da ba a yi ruwan nan ba, da na kai su wajen tela da taƙamata.

Ba yadda za a yi sai zubarwa. Na buɗe mafitar, jan ruwa ya fi ƙarfin magudana, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya malala a lungu. Ba a jima ba na ji ana buga ƙofar da sanda. Maƙwabciyarmu ce, wata tsohuwa 'yar Jamaika da ke layin tun kafin a haife ni. Ta tambaye ni da gaskenta ko rago muka yanka. Na buɗe mata ta shigo ta gani. Ta kalli rumfar, ta kalli kwamin, ta kalle ni a dafe da ƙugu, ta yi dariya har da tari. Da na gaya mata dalili sai dariyar ta tsaya. Ashe ita ma a gidan ninƙayar nan take rage ciwon gwiwa, a can ma 'ya'yanta suka koyi iyo. Ta buga sandarta a ƙasa ta ce in cika shi kuma, in ruwa ya sake bi ta lungu ita za ta ji da duk wanda ya yi magana.

Maigidan kuwa da ya dawo ya ga ɓarna, cewa ya yi, "To kin gani. A haƙura haka, kin yi iya ƙoƙarinki." A hankali ya faɗa, da tausayi, shi ya sa ma ta fi yi mini zafi. Ranar na kusa haƙura. Bayana yana ci kamar wuta, azumi ya ƙarato, Salla tana bin bayansa. Ina kwance a kan doguwar kujera babbar 'yata ta zo ta zauna a ƙasa kusa da kaina. Mun ɗauka ba su san komai ba.

"Mum, in kin tafi wa zai yi mana kitso?" ta ce da karyayyiyar Hausarta. "Anti tana ja da zafi."

Na ce mata ta je ta ɗauko mini burushin wanke robar.

Na sake wanke robar daga farko. Jan bai fita duka ba, har ƙarshen rayuwarsa kwamin nan yana da wani zobe ruwan hoda a ciki. Na aika wa matan cewa kowace ta kawo mini tsofaffin zannuwanta, waɗanda suka sha wanki har ba su da sauran abin zubarwa. Na zauna na haɗa su da zare da allura, na yi musu hanci a gefe na zura igiya, yadda za a ja su a buɗe a ja a rufe kamar labule. Rumfa ta wuni a buɗe, sai in zan shiga a ja ta. Sannan na tuna yadda a gida muke barin baƙin bokiti a rana don wankan yamma. Na tsaga baƙaƙen ledojin shara na manne su suka zama shimfiɗa ɗaya, na rufe fuskar ruwan da ita. Allah kuma ya taimake ni, shekarar nan aka yi wasu makonni na zafi har Turawa suna kwanciya a ciyawa.

Ba zan ce ruwan ya yi ɗumi ba. Ya dai daina cizo. Ranar da na fara shiga, maigidan ne ya riƙe mini ɗan tsanin, yana faɗin a hankali, a hankali. Na sauke ƙafa ɗaya, na sauke ta biyu, sanyi ya ɗauke mini numfashi, ruwa ya tsaya cif a ƙuguna. Na jira. Sai ciwon ya sake ni, daidai yadda ya yi a wancan gidan da suka sa wa sarƙa. Na yi farin cikin da har da mugunta a ciki. Na ɗaga kai na kalli tsofaffin zannuwan matan Hulme da Ardwick, na ce a raina, to gwamnati, ku zo ku rufe wannan ma.

Daga nan kullum sai na shiga, ko da rana ko da yayyafi. Wurin ba faɗi, zagaye kawai nake yi kamar akuya a turke, in na gaji da wannan hannun in juya ɗayan. Kwami kuma ba a gama shirya shi. Yau ganye da ƙudaje, in bi su da rariyar taliya. Gobe ya fara kore, in ƙara kulorin in goge gefe. Azumi ya zo da dogayen wuninsa na bazara, wata ta ce mini anya ya dace mai azumi yana shiga ruwa haka? Na ce mata ƙuguna ne a ciki, ba bakina ba. Matan kan zo jifa-jifa su shiga bi da bi. Tsohuwar nan 'yar Jamaika ma ta shiga sau ɗaya, da hular wanka mai fure, ta fito tana zagin sanyin da zagin gwamnati a haɗe.

Ban warke ba, kada in yi ƙarya. Amma na fara iya tsayuwa in gama tuƙa tuwo ba tare da na nemi kujera ba. Na fara kai goshina ƙasa a wasu sallolin. Duk da haka maganar tafiya tana nan yadda aka yanke ta. Hajiya tana kira tana faɗin ta sa an tanadi itace, Yaya yana duba jirgi. Ba wanda ya janye, don ba wanda ya tambaye ni. Na ce wa maigidan ya gaya musu na samu sauƙi, ya ce zai san yadda zai ɓullo wa maganar. Na san wannan ɓullowar tasa, sai ina cikin jirgi za ta iso.

Washegarin Salla muka tafi Birmingham yawon Salla. Yaya yana zaune a falo da babbar rigarsa, maigidan ya zauna a gefensa. Tun da na kwanta ciwo an ɗauke mini durƙuso, daga tsaye nake ɗan rusunawa in gaishe shi. Ranar nan na miƙa wa Anti yaron, na je gabansa na sauke gwiwoyina biyu a ƙasa. Na ji maigidan ya ja numfashi.

"Yaya, barka da Salla. An sha ruwa lafiya?"

"Lafiya lau. Ya ƙarfin jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Madalla. To, batun tafiyar nan, na duba flight, akwai na ƙarshen wata, sai a..."

"Yaya, ka yi haƙuri. Ba zan tafi ba."

Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa katse shi ba, ban taɓa haɗa masa jimla biyu a jere ba in ba gaisuwa ba. Kaina yana sunkuye, kafet kawai nake gani, amma muryata ba ta yi rawa ba. Anti ta daina jijjiga yaron.

"Kin warke ne?"

"Ban warke ba. Amma a nan zan yi jinyata, inda 'ya'yana suke."

"Kin san dai Hajiya ce ta ce."

"Na sani. Ni zan kira ta da bakina in ba ta haƙuri. In ta yi fushi, da ni za ta yi."

Ya juya wajen ƙanensa. "Kai da saninka?"

Maigidan ya gyara zama, ya share murya. Na ɗauka kewayen zai fara. Sai ya ce, "Ban san yau za ta faɗa ba, Yaya. Amma ta fi ni gaskiya."

Yaya bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya ja carbinsa, ya ce, "To. Tashi, Allah ya ƙara sauƙi."

Sauka ƙasa ba wuya, na san da haka tun kafin in durƙusa. Tashin ne kowa yake jira ya gani. In na kasa, duk abin da na faɗa ya zube a nan wurin. Maigidan ya yunƙuro ya miƙo mini hannu, na ce masa, "Bari." Na ɗaga ƙafa ɗaya na kafa ta a gabana, na ɗaure cikina, na tura. Wani abu ya tsarga mini daga ƙugu har ƙeya, idona ya yi duhu. Ban dafa kujera ba, ban dafa kowa ba. Na miƙe, na gyara mayafina, na ce bari in je in taya Anti zuba abinci. Na taka har kicin a miƙe, zufa tana bin bayana.

Ina shiga na kama bakin wurin wanke-wanke da hannu biyu, kuka ya ƙwace mini. Anti ta biyo ni da yaron a kafaɗa, ta tura ƙofar da ƙafa, ta buɗe famfo ya yi ƙara.

"Yi kukanki a hankali," ta ce, "kada su ji su ce ciwon ne."

Ciwon ne kuwa. Amma ban bari sun ji ba.